Sabon Bututun Mukambet

Harsashi na huɗu ne ya fara ba Mukambet kunya. Uku na farko sun shiga tsakiyar allon kusan a rami ɗaya, daga nisan mita ɗari uku, har maharban da ke tsaye a bayansa suka daina hira. Na huɗun ya kauce da faɗin yatsu uku. Na biyar ya bi shi, ya ƙara gaba.

Kowace kaka haka ake yi a filin da ke bayan garin At-Bashi. Duk mai son a sabunta masa takardar raka baƙi farautar akuyar dutse sai ya kwanta a ƙasa ya harba goma cikin minti biyar, bakwai su shiga baƙar da'irar tsakiya. Shekara ashirin da shida Mukambet yana wucewa da tsohuwar bindigarsa. Bana ya zo da ita da sabon bututu.

'Yarsa Saikal, mai aiki a wani kantin magani a birnin Bishkek, ita ta saya masa, bayan ta ga yadda yake sauka daga doki yana dafe da kafaɗa. Siririn ƙarfe ne a ciki, an naɗe shi da zaren kabon, wani zare mai ƙarfi mara nauyi, baƙi wuluk. Maƙerin da ya ɗaura masa shi a garin Narin bai ɓoye masa komai ba. Ya ce nauyin bindigar zai ragu da kusan kilo guda, dusar ƙanƙara ba za ta ci bayansa da tsatsa ba, kuma harbin farko, in bututun na da sanyi, ba ya ƙarya. Sai dai bindiga mara nauyi ta fi dukan kafaɗa, sannan wannan naɗin ba na masu tsada ba ne, in ƙarfen ciki ya ɗau zafi zai fara yawo da harsashi. Mukambet ya ce shi bai taɓa ganin akuyar da ta tsaya aka harbe ta sau goma ba.

Da ya gama, Burul, jami'ar da aka turo daga ofishin kula da namun daji, ta duba allon da madubin hangen nesa, ta rubuta biyar.

“Baba, ba ka kai ba,” in ji ta.

Ya yi mata bayanin cewa akuya ba ta tsayawa a harbe ta sau goma. Ta saurare shi har ƙarshe cikin ladabi, ta ce ita ma ta yarda, amma takardar ba ta san akuya ba. Baƙinsa za su iso ranar Asabar, kuma da aikin makonni shida na lokacin farauta yake cika rumbun ciyawa da buhunan fulawa kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Burul ta ce doka ta ba shi damar sake gwadawa sau ɗaya, yau. Ba ta ce da wace bindiga ba.

A gefe, Orozali na zaune a bayan motarsa yana shan shayi. Ƙauyensu ɗaya, sa'o'in juna ne, kuma tun wani tseren dawaki da aka yi shekara tara da suka wuce gaisuwa kawai ke haɗa su. Bindigarsa na jingine da taya, bututunta kauri kamar sandar kulle ƙofar garke. Da ita ya ci takwas ɗazu.

Mukambet ya daɗe yana gyara igiyar takalminsa, sannan ya je wajensa.

“An ce bindigarka ta 'yan birni ce,” in ji Orozali, bai ɗago ba. “Tana aiki sau uku ta nemi hutu.”

“Ara mini taka.”

“Wannan tsohuwar? Ai sai ta karya maka kafaɗa. Me Saikal za ta ce?”

Orozali ya bar shi a tsaye har ya shanye shayin, kafin ya miƙa masa bindigar.

Nauyinta ya zauna a kan buhun yashin da ake ɗora bindiga kamar an dasa ta. Mukambet ya harba goma ba tare da ta motsa ba, bututun ya yi ɗumi kawai. Burul ta duba, ta rubuta tara, ta buga hatimi. Ya ji haushin taran nan fiye da biyar ɗin.

Da ya dawo wajen motar, ya tarar Orozali ya ɗauki mai sabon bututun yana auna ta a tafin hannu. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya sauke, ya rataya ta a kafaɗa, ya yi taku shida ya dawo. Gobe da safe Orozali ne zai hau da ƙafa har mashigar dutsen da doki ba ya kaiwa don duba inda garken awakin dutse yake, kuma kowa ya san yadda gwiwoyinsa suke.

“Abin wasan yara ne,” in ji Orozali.

“Haka ne.”

“Ba ta da amfani a gwaji.”

“Ka gani da idonka.”

Orozali ya karɓi tasa ya cusa a bayan mota. Ta Mukambet kuwa bai sauke ta daga kafaɗa ba. Ya buɗe ƙofa, ya shigar da ita a hankali kada bututun ya bugi ƙarfe, ya kwantar da ita a kujerar gaba.

“Juma'a da yamma zan kawo maka,” ya ce, ya tayar da mota.