Tumatir a Kan Tattaka

Gonar da Malam Shu'ibu yake nomawa a fadama, gefen hanyar Kirikasamma, aro ce. Marigayi mai ita ya ba shi tun yana koyarwa a firamare, bisa sharaɗin da aka saba: tana hannunka muddin kana noma ta. Bana ruwa ya kwanta mata, ya janye a makare, ya bar laka da saiwar ciyawar kachalla wadda ko garma ba ta iya mata. Abdulmannan, ɗan marigayin, ya aiko da gaisuwa mai cike da ladabi, ya ce idan rani ya wuce ba a noma ta ba zai karɓi abinsa.

Mafita ta zo ta wayar salula. Wani Bature ne a bidiyo yake dasa tumatir a kan matsattsen damin ciyawa, babu ruwansa da ƙasa. Tattakar shinkafa kuwa, wato karan da ke saura bayan an buge ta, tuli take a ko'ina. Shu'ibu ya tara, ya matse, ya ɗaure da igiya, ya jera dammunan a kan lakar. Kullum ya jiƙa su, ya barbaɗa musu takin zamani.

"Malam, ina kake kai takin nan?" in ji matarsa Hajo.

"Damin nake ciyarwa. Sai ya ci ya yi zafi, ya huce, sannan a dasa."

"Wato abincin shanu kake ba abinci."

"Haka Baturen ya ce."

"Shi ma ruwa ne ya ci gonarsa?"

Shu'ibu bai sani ba. Baturen bai faɗa ba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne abin ya yi. Tumatir ya kama, tattasai ya kama, salak ya buɗe kunne. Masu wucewa sukan tsaya su rasa gaisuwar da ta dace, wasu su ce sannu da noma, wasu su ce sannu da ɗaurin ciyawa. Wata rana ya ciro tushe guda ya duba, ya ga saiwa fara fat ta kanannaɗe cikin tattaka, ko kusa da ƙasa ba ta je ba. Ya mayar da shi a hankali kamar wanda ya leƙa abin da bai kamata ba.

Ana haka aka saki fadama. Al'ada ce: in an kwashe shinkafa, tattakar da aka bari a fili ta shanu ce, ba mai tambaya. Shanun Safiyanu suka biyo, suka tarar da tattaka a jiƙe, a jere, har da ganye a sama. Ba su taɓa ganin karamci irin wannan ba, ba su kuma raina shi ba.

Safiyanu Bafillace ne mai shago a kasuwar Hadeja da garke a bayan gari, Shu'ibu kuwa Babarbare. Tun suna samari suke zagin juna da sunan wasa. Da kansa Safiyanu ya kai maganar zauren mai unguwa, ya kuma sa aka kira Abdulmannan. Shu'ibu bai gane dalilin kiran Abdulmannan ba, tunda ba shi da saniya ko ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Safiyanu, "shanuna sun yi ɓarna. Gona suka ci, nomammiya. Na amsa, a yanka mini abin da zan biya."

Shu'ibu ya dube shi. Bai taɓa jin mai shanu ya amsa ɓarna kafin a kai shi bango ba. Ko dai wani sabon salon tsokana ne, ko kuwa mutumin da gaske yake shirin biyan abokinsa a gaban jama'a. Kunya ta rufe shi tun daga hula.

"Haba, wace ɓarna? Ai tattaka ce, ranka ya daɗe."

Safiyanu ya taka masa ƙafa. "Kai Babarbare, rufe bakinka. Gona ce! Da idona na ga tumatir a bakin saniya."

"Ji Bafillace da neman suna. Ranka ya daɗe, saiwar ma ba ta taɓa ƙasa ba. Ni na duba da hannuna."

"Ta taɓa!"

"Ka gani ne?"

"Saniyata ta gani."

Mai unguwa ya gyara zama, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce tunda aka naɗa shi bai taɓa ganin mai shanu yana rantsuwa ya yi ɓarna, mai gona yana rantsuwa ba a yi ba. "Malam Shu'ibu, kai ne mai abu. Gona ce ko ciyawa?"

Safiyanu yana ta ƙifta masa ido. Shu'ibu ya ɗauka roƙo ne, ya ji tausayi ya ƙara kama shi.

"Ciyawa ce. Na yafe duniya da lahira."

Zaure ya ɗauki kabbara. Abdulmannan ya yi gyaran murya. "Masha Allah, Baba. Halinku na manya sai ku. To tunda bana ciyawa aka ajiye ba a yi noma ba, gona ta dawo gida ke nan, sai in sa yara su shiga bayan sallah."

Aka shafa fatiha. Mutane suka yi ta miƙo wa Shu'ibu hannu suna yaba kara irin tasa, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya.

A ƙofar zaure ya tarar da Safiyanu yana neman takalminsa, fuska a murtuke.

"Bafillace, tsaya mana. Wai wa ya ci shari'ar nan?"

Safiyanu ya zura ƙafa a takalmi. "Ni," in ji shi. "Allah ya isa."