Romon Gadar Baba Haman

Tahiru ya ɗaga gadar ta ƙafar baya, ya juya ta, ya duba wuyanta. Babu alamar wuƙa. Sai wani siririn zane da waya ta bari a fata, ya zagaye wuyan kaf.

"Maigida, tun ɗazu kake juya ta," in ji matar da ke sayar da naman dajin, da 'yar Hausarta ta kasuwa. "Nama ai nama ne."

"Wa ya yanka ta?"

Ta bushe da dariya. "Tarko ya yanka."

Teburi na huɗu ke nan, kuma duk labarin ɗaya ne. Shekara ashirin Tahiru yana fawa a unguwar Briqueterie, ba shi za a koya wa gane mushe ba. Ya ajiye ta, ya goge hannunsa, ransa a jagule.

Kwana shida ke nan da aka sallamo mahaifinsa, Baba Haman, daga asibiti, kuma ban da ruwan shayi babu abin da ya wuce masa maƙogwaro. Likita ya ce in bai soma cin abinci ba kafin Juma'a, a mayar da shi gado. Tsohon kuwa ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba. Sai yau da safe ya buɗe baki ya ce da zai samu romon gada, da ya sha. Tsohon maharbi ne, a dazukan Tibati ya ƙarar da ƙuruciyarsa kafin ciwon ƙafa ya dawo da shi hannun ɗansa.

A taksi Tahiru ya yanke shawara, yana jin kunyar kansa. Ya sauka wurin abokan sana'arsa, ya zaɓi cinyar wata ramammiyar akuya, ya bi ta da wuƙa ya cire kitse tas, domin gada ba ta tara kitse. Ya yi mata banda a kan itacen da yake gasa tsire har ta yi duhu.

Hadija, matarsa, ta karɓa ta sunsuna. "Baban Saliha, mutumin da ya ci gada ta fi ɗari za ka yi wa wannan?"

"Ke dai zuba kimba da masoro da yawa."

Bayan la'asar ya kai kwanon ɗakin tsohon, ya tayar da shi ya jingina masa matashi. Baba Haman ya daɗe yana shaƙar tururin. Ya kurɓa sau ɗaya. Tahiru ya zuba masa ido. Sai tsohon ya sa hannu ya ɗauko tsoka.

Yana ci, bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin yadda ake kwanto a bakin rafi tun da hantsi bai yi ba, iska tana bugo ka ta fuska don kada dabba ta ji ƙanshinka.

"Bismillah a baki, yatsa a kan kunamar bindiga. Tana faɗuwa ka yar da bindiga, ka ruga da wuƙa. Wata rana ƙaya ta tsaga min tafin ƙafa, ban ma sani ba sai da na gama yanka." Ya tsotse ƙashi. "Naman gada kuwa ganye yake ƙanshi. Ba ya kama maka dasashi."

Tahiru ya sunkuyar da kai, yana ta cewa haka ne, Baba.

Kwano ya koma wayam. Tsohon ya wanke hannu, ya yi hamdala, ya gyara kwanciya.

"Ka gaishe da Hadija. Gobe ma a yi min. Amma ka bar wa akuyar ɗan kitsenta, ka wahalar da ita a banza."

Tahiru ya sandare da kwano a hannu. "Baba, ka gane?"

"Tun daga tururi." Ya lumshe ido. "Na ga ka fita da safe, na kwanta ina ta fargaba. Gadar garin nan duk ta tarko ce. Da ita ka kawo min, da ko cokali ɗaya ban taɓa ba."