Man Shanun Goggo a Kwanon Madam Odil

Kilishi ƙunshi biyu. Soyayyen man shanu kwalba ɗaya. Ɗanyen man shanu curi huɗu cikin nono, a gwangwanin madarar gari da aka ɗaure da tsumma. Takardun kwangila. Laima.

Abin da ke cikin jakata ke nan a jirgin ƙasan da ya ɗauko mu zuwa unguwar Deptford ta London, watan Oktoba na 1975. Katung, injiniyan ma'aikatarmu, yana zaune gabana yana toshe hanci.

"Malam Almu, gwangwanin nan naka ya fara magana. Turawan nan za su ce gawa muka ɗauko."

"Goggona ce ta matsa. Ba zan fito da shi ba."

"To me ya kawo shi Ingila? Shi ma kwas ya zo?"

Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, kowace jiha tana son masana'anta. Tamu ta man shanu ce. An turo mu mu sayi inji da zai haɗa madarar gari ta ƙetare da ruwa da kitse, ya fitar da man shanu mai ɗanɗano ɗaya rani da damina. Ni ne wanda ya yi shekara shida a nan yana karatun kiwo, don haka sa hannuna ake jira. Katung ya yi mana booking ɗin ganawa da kamfanin da ke sayar da injin, gobe ƙarfe goma. Babban Sakatare ya gaya mini kafin mu taso cewa in na dawo babu inji, in nemi wata ma'aikatar.

Madam Odil ce ta ba ni ɗaki sa'ad da nake ɗalibi. Bafaransiya ce daga Normandi, mijinta ya mutu ya bar mata shagon tsofaffin tangaran a bayan kasuwa. Daga tasha wajenta muka nufa, muka same ta tana goge kantar shagon. Ta tsufa, amma bakinta na nan.

"Almu. Ka yi ƙiba. Gwamnati ce ko mata?"

"Gwamnati, Madam."

"Ta fi haɗari."

Kwanukan man shanunta suna inda na bar su, sun fi arba'in. Akwai farare ƙal na garin Limoj na Faransa, masu zaren zinariya a baki, waɗanda in ka ɗaga su ga taga sai ka ga inuwar yatsunka ta ciki. Akwai mai saniya kwance a kan murfi, ƙahonta ɗaya ya karye tun kafin a haifi kakata. Wani an zana masa furanni shuɗɗa da hannu, ba furen da ya yi kama da ɗan'uwansa. A ƙarƙashin kowanne ta liƙa 'yar takarda da sunan garin da aka ci mai a cikinsa. Ta kan ce man garinsu rawaya ne saboda ciyawar fadama, na mutanen bakin teku kuma da gishiri, kuma wanda ya ce duk ɗaya ne bai taɓa cin ko ɗaya ba.

Shekara shida tana tambayata yadda namu yake. Shekara shida ina ce mata ba wani abu ba ne.

Na fito da kwalbar. Wannan ne nake ganin ya dace da idon baƙo: an soya shi da albasa, an tace, ya yi garau. Ta sauko da wani kwano mai hawa biyu. Ana danna mai a cikin ƙoƙon murfin, a kifa shi cikin ruwan sanyi da ke ƙasa, ruwan ya tsare shi daga iska. Ta ɗebi nawa da cokali ta danna, ta kifa. Da ta ɗaga, man ya zube cikin ruwan, ya watse tsaba-tsaba.

"Wannan an dafa shi," ta ce. "Yana da ƙamshi. Amma albasa nake ji, ban ji saniya ba. Abin da kuke da shi ke nan?"

"Madam, akwai na gaske a jaka," in ji Katung. "Kunyarsa yake ji. Ya yi digiri."

Na harare shi. Ya riga ya kwance tsumman.

Ta leƙa gwangwanin, ta ga curin huɗu suna iyo cikin nono.

"Wa ya sa shi cikin wannan?"

"Goggona, Hansai. Haka matan ruga suke kawo shi kasuwa, don kada ya lalace."

"Wato ita ma ta san a nutsar da shi." Ta nuna kwanonta. "Mu sai da muka gina masa gida."

Ta wanke curi ɗaya da ruwan sanyi, ta wanke kwanon, ta danna, ta kifa. Ya zauna daram. Ta yanka burodi, ta shafa da kauri, ta ci a tsaye, idonta a rufe.

"Tsami kaɗan, mai kyau. Hayaƙi, daga abin da aka kaɗa shi a ciki. Shanun nan ɗanyar ciyawa suke ci, amma ta fara tsufa. Ƙarshen ruwan sama ne?"

Ƙarshen damina ne. Goran Goggo kuwa da hayaƙi take gyara shi. Na ci nawa yankin. Tun ina yaro nake cin man nan, ban taɓa tsayawa na ji shi ba.

"Sunan wurin?" Ta ɗauko alƙalami da 'yar takarda.

"Rugar Hardo Buba."

"Na ƙauyen gaba fa, haka yake?"

"A'a. Nasu ya fi fari. Shanunsu a tudu suke kiwo."

"Ka gani. Ka sani, kana ta yi mini ƙarya." Ta liƙa takardar a gindin kwanon, ta mayar da shi bisa kantar, tsakanin biyu na Normandi. "Me ya kawo ka London?"

Katung ya bayyana mata injin, har da yawan abin da zai fitar a awa. Ya iya bayani. Ta saurara har ƙarshe.

"Madarar daga wace ƙasa?"

"Duk inda aka samu, Madam."

"To me zan rubuta a ƙarƙashin kwanon?"

Ta karɓi kilishin, ta riƙe sauran curi ukun ba tare da ta tambaya ba, ta raka mu bakin ƙofa. Ana yayyafi.

"Malam Almu, na ga fuskarka," in ji Katung. "Tsohuwa da burodi ba za su ciyar da jiha ba. Yara nawa Goggo za ta iya ba mai?"

"Goggo ɗaya, kaɗan. Akwai irinta dubu. Firji suke bukata da mota, ba madarar gari ba."

"Babban Sakatare zai cinye ka ɗanye."

"Zai yi."

Madam Odil ta rufe ƙofar, muka ji ta sa sakata.

"Ka yi wa kamfanin waya ka ce an yi cancel," na ce. "Ba zan sa hannu ba."