Lafiyar Abu Rafid

"Hajji, don Allah ba kai ne aka nuna a talabijin ba?"

Mizhir ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙa kuɗin motarsa gaba, ya juya fuska wajen taga. Ƙaramar bas ɗin ta maƙale a cunkoson gadar shiga Bagadaza, zafi ya fara tashi tun rana ba ta yi nisa ba.

"Wallahi shi ne," in ji saurayin da ya yi tambayar, yana zungurin na kusa da shi. "Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar nukiliya, amma ko mura bai taɓa yi ba."

Direba ya leƙo ta madubi. "To Hajji, ka dawo gaba mana. Fitilata ɗaya ta mutu, in muka yi dare sai ka haska mana hanya."

Motar ta kece da dariya. Mizhir ya yi ɗan yaƙe, ya ƙara matse hannunsa na hagu a jikinsa. A ƙarƙashin hammatar nan akwai ƙullutu kamar ƙwallon dabino, kuma yau ne za a faɗa masa ko mene ne.

Yana saurayi ya shiga aiki a tashar, mai gyaran bututu. Duk inda ya tsage ko ya fara yoyo, shi da amininsa Dahil ake turawa. Kowane ma'aikaci akwai ɗan ma'auni da ake maƙala masa a ƙirji, mai nuna yawan tururin nukiliyar da ya shiga jikinsa, kuma na Mizhir ne kullum a sama. Har tsokanarsa ake yi a kai. Bayan yaƙi aka rufe tashar, kowa ya koma unguwar da aka gina musu, suka tsufa tare. Sai mutuwa ta fara bi gida gida. Wannan huhu, wancan maƙogwaro. Dahil ciwon daji na jini ne ya cinye shi, har ya kai Mizhir yakan ɗauke shi a hannu ya kai shi banɗaki kamar yaro.

Matan da aka bari suka haɗa kai, matar Dahil, Ummu Muhannad, tana gaba. Suka sami lauya, suka nemi diyya. Kwamitin da aka kafa ya ce a jira bincike. Masanan jami'a suka yi shekaru suna bin asibitoci da maƙabartu, suna tambayar wa ya mutu, me ya kashe shi, tururi nawa ya sha. A watan jiya aka tara kowa a wani babban zaure don jin sakamako, har da 'yan talabijin.

Wata likita ce ta yi bayani, Daktora Suha. Ta ce akwai alamar mace-macen sun ɗan fi na sauran jama'a, amma ma'aikatan ba su da yawa, takardun da yawa sun ƙone a yaƙi, kuma rabinsu mashaya taba ne. Saboda haka ba za ta iya rantsuwa cewa aikin ne ya kashe su ba. Tana zama shugaban kwamiti ya karɓi makirufo.

"Ina Hajji Mizhir, Abu Rafid? Tashi jama'a su gan ka."

Ya tashi.

"Ga wanda ya fi kowa shan tururin nan. Hajji, akwai inda ke maka ciwo?"

"Alhamdu lillahi," in ji Mizhir. "Ko ƙwayar hawan jini ba na sha."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ke hana shi sakewa har yau shi ne ya faɗe ta yana murmushi, ƙirji a buɗe, don ya ji daɗin tafin da aka yi masa. Sai da ya juya zai zauna ya hango layin baƙaƙen abayoyi a can baya, babu mai motsi. Ummu Muhannad ta ɗauki jakarta ta fice. A cikin makon aka rufe maganar diyya.

Daga ranar unguwa ta yi masa shiru. In ya shiga layin burodi sai mata su tsuke baki. Matarsa Sabriya ta je gaisuwar rasuwa, aka bar ta ita kaɗai a tabarma. Ana cikin haka ya ji ƙullutun yana wanka. Sabriya ta faɗa wa maƙwabciya tana kuka, kafin magariba sai ga tire na dolma mai zafi, shinkafa da nama naɗe cikin ganye, daga gidan Ummu Muhannad, da saƙon Allah ya ba Abu Rafid lafiya. Washegari a masallaci mutane uku suka matsa masa wuri a sahu.

A asibitin koyarwa ya sami benci ya zauna cikin masu jira. Ya san wurin kamar tafin hannunsa, don babu abokin aikinsa da bai rako nan ba. Ga wani tsoho rungume da hoton ƙirjinsa, ga wata yarinya da aka aske wa kai tana wasa da wayar uwarta. Sai wajen azahar aka kira sunansa.

Daktora Suha ce da kanta, don duk tsohon ma'aikacin tashar wurinta ake turo shi. Ta miƙe da ya shigo.

"Zauna, Hajji. Albishirinka."

Bai ce goro ba.

"Kitse ne kawai. Ƙullin kitse, irin wanda ke fito wa kowa. Ba daji ba ne. In yana damunka mu cire, in ba ya damunka ka tafi da abinka."

"Kun duba da kyau?"

"Sau biyu. Jininka ma ya fi nawa kyau." Ta yi dariya, sai ta ga shi bai yi ba. "Hajji, mutane a ɗakin nan kuka suke yi in na faɗa musu haka."

Ya dubi hannuwansa. Daɗi ya zo masa, ba zai yi ƙarya ba. Amma bai daɗe ba wani abu mai nauyi ya zauna a kansa.

"Daktora, in tambaye ki. Da daji ne, da za a sake buɗe maganar matan nan?"

Ta ajiye biro. "A wurin lauyoyi, wataƙila a yi hayaniya. A wurin bincike, a'a. Mutum ɗaya ba ya nuna komai. Ciwonka ba zai nuna ba, lafiyarka ma ba ta nuna ba."

"To me ya sa aka tsayar da ni gaban jama'a?"

"Ba ni na tsayar da kai ba."

"Amma kina zaune."

Fankar sama tana ta ƙara. Can ta ce, a hankali, "Ina zaune. Na rubuta musu daga baya cewa ba haka ake karanta bincike ba. Ko amsa ba su ba ni ba."

"Ke a ranki, aikin ne ya kashe Dahil?"

"A raina? Ina zargin haka. Amma kotu ba ta karɓar abin da ke raina."

"Yaushe za ki tabbatar?"

"In lokaci ya ƙara tafiya, adadin zai..." Ta tsaya.

"Faɗa mana. In sauranmu mun mutu."

Ba ta musa ba. Ta ce ko a lokacin ma ba ta yi alkawari ba, kuma kuɗin binciken sun ƙare tun bara, ita kaɗai ke ci gaba da bin sunayen in ta sami sarari. Ya yi mata godiya, ya sa hularsa, ya fita.

La'asar ta yi kafin ya sauka a bakin unguwa. Niyyarsa ya bi ta bayan makaranta ya shige gida, amma Ummu Muhannad ta riga ta hango shi ta tagar ɗan shagon da ta buɗe a zaurenta, inda take sayar da omo da alewa tun bayan rasuwar Dahil.

"Abu Rafid! Wallahi ba ka wucewa. Shigo ka huta, dubi yadda rana ta gasa ka."

Ya shiga. Rabonsa da ɗakin nan tun kafin taro. Hoton Dahil yana nan a bango, da ɗan baƙin ƙyalle a kusurwarsa, yana dariyar nan tasa mai nuna wushirya. Ta jawo masa kujerar marigayin, wadda ba ta barin ko ɗanta ya zauna, ta sa masa matashi a baya. Ta kawo shayi baƙi ƙirin a ɗan ƙaramin kofi, ta zuba sukari cokali biyu ba ta tambaye shi ba.

"Ka rame," in ji ta, tana kallonsa.

"Kai, ni? Sabriya cewa take na yi tumbi."

"Ka rame. Haka mijina Abu Muhannad ya fara, yana cewa ba komai." Ta goge ido da gefen mayafi. "Abu Rafid, ka yafe mini. Na riƙe ka a rai. Na ce mutumin da ya yi wa mijina wankan gawa, shi ne zai tsaya yana dariya ana yi masa tafi. Har addu'a na yi a kanka, ba zan ɓoye maka ba. Da na ji labarin ciwon nan, wallahi ban runtsa ba."

"Ba komai, Ummu Muhannad. Ni ma ban kyauta ba."

"Tambayarka aka yi, ka amsa. Me za ka ce?" Ta gyara zama, ta rage murya. "Lauya ya zo jiya. Ya ce in har aka tabbatar, Allah ya kiyaye, to mutumin da suka kafa hujja da shi ya faɗi ke nan, dole su sake zama. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ba a yi wa bawan Allah mugun fata. Amma ka san matan nan. Ummu Falah an ba ta wa'adin tashi daga gida. Tun safe suke leƙowa, ya dawo? ya dawo?"

Mizhir ya kurɓi shayin. Ya yi zaƙi daidai yadda yake so. A waje ya ji muryoyin mata biyu sun tsaya a bakin tagar shagon, ba su sayi komai ba, ba su kuma tafi ba.

"To," in ji ta, ba ta iya kallon idonsa ba. "Me likita ta ce?"

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Sabriya ce. Tun azahar take kira bai ɗauka ba. Ya san tana tsaye a tsakar gida, carbi a hannu, ba ta sa komai a bakinta ba tun jiya. Ya kuma san duk abin da ya faɗa mata, kafin isha'i ya gama unguwa.

"Ɗauka mana," in ji Ummu Muhannad. "Baiwar Allah hankalinta a tashe yake."

Ya kara wayar a kunne.

"Abu Rafid? Kana ina? Me suka ce? Don girman Allah yi magana."

Ya dubi matar amininsa, ta haɗa hannuwa a cinya tana jira. Muryoyin waje sun yi tsit.

"Bai fito ba tukuna," in ji shi. "Sun ce akwai abin da ba su gane ba. In koma wani mako."

Ya ji kukan Sabriya ya taso a wayar, siriri, irin na wadda ta gaji. Bai kashe wayar ba. Ummu Muhannad ta sauke ajiyar zuciya, ta ce Allah yana tare da masu haƙuri, ta ɗauki buta ta sake cika masa kofi.