Harafin Tobbe

Shekara ashirin ina duba dabbobi a garin nan, kuma babu makon da na tsana irin na bikin Sinterklaas, bikin rabon kyaututtuka na farkon Disamba. Kowane gida an sayo wa kowa cakulan mai siffar harafin farkon sunansa, an dire a cikin takalma, daidai hancin kare. Cakulan kuwa guba ne ga kare. Yawanci karnukan da suka sata suka ci ake kawo mini, in sa su amai, su koma gida suna sunkuyar da kai.

Shi Tobbe ba sata ya yi ba. Wajen ƙarfe uku na rana Wiebe Talsma ya kawo shi a kwandon keke, lulluɓe da tawul. Wiebe tsohon mai gyaran agogo ne, ya haura tamanin, matarsa Aukje ta rasu bana. Karen bai fi kilo bakwai ba. Jikinsa sai ɓari yake, zuciyarsa na bugawa kamar injin markaɗe.

Na ce, "Baba, me ya ci?"

"Harafinsa."

"A ina ya samu?"

"Kamar yaya a ina? Ni na ba shi mana. Ai nasa ne."

Ya zaro kwalin daga aljihu ya miƙo mini. Baƙin cakulan ne, mai ɗaci, giram ɗari biyu, irin wanda ya fi kowanne illa ga kare. Ya ce mai kyaun ya zaɓa, kuma tun ƙarfe bakwai na safe ya ba shi.

"Haba Baba! Shi ne sai yanzu?"

"To ban nemi lokacin ganinki tun da wuri ba, Likita. Na ce kada in faɗo miki haka kawai."

Mutanenmu ke nan. Raina ya ɓaci, amma babu lokacin faɗa. Amai ba zai yi wani amfani ba bayan awa takwas. Na ɗura masa garin gawayi, na sa masa ruwa, na yi masa allurar da za ta rage gudun zuciya. Wiebe ya zauna a kujera da hularsa a cinya, yana ta bayani ba wanda ya tambaye shi. Wai shekara goma sha ɗaya Aukje na ajiye wa Tobbe harafinsa, ko tari bai taɓa yi ba.

Na san da haka. Duk farkon Disamba Aukje takan zo nan ta sayi biskit na hanta, ta je ta yanka shi siffar harafin, ta zura a kwalin cakulan. Cakulan ɗin kuwa ita ke cinye shi a ɓoye, don an hana ta zaƙi. Takan kashe mini ido ta ce, "Kul kika gaya wa tsohon nan."

Ƙarfe biyar saura kwata zuciyar Tobbe ta tsaya. Na cire allurar, na rufe shi da tawul.

Wiebe ya ce, "Tsufa ne ko, Likita?"

Na so in ce e. Amma mutumin ba wawa ba ne, kuma ina da tabbacin zai sake yin kare. Na ce masa ba tsufa ba ne.

"To me ya sa nata bai taɓa yi masa komai ba?"

Na gaya masa. Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ninke shi biyu ya mayar aljihu.

Ya ce, "Wata bakwai kacal da ta bar mini shi."