Kwarin da Ba a Tsayawa

Shigeo yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ranar da aka sauko da gawar ɗana Tomoki daga dutse ban sake ce masa ko sannu ba. Shi ya ja shi zuwa bayan dutse, can inda babu hanya babu mai gadi, wai su yi zamiya a kan dusar ƙanƙarar da ƙafa ba ta taɓa takawa ba. Ƙanƙara ta zaftaro ta binne Tomoki a wani kwari. Shi kuwa Shigeo, gwanin ja-gorar masu hawa dutse da duk lardin Aomori ake yabo, ya dawo gida da ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu.

Abu ɗaya nake so a duniya, in ga kwarin nan da idona. Mota ba ta zuwa, keken igiya mai kai mutane saman dutse ba ya kaiwa, da rani kuma ciyawar gora take shaƙe shi har ya fi ƙarfin mutum. Sai dai a hau da ƙafa cikin hunturu, a sauko a kan allon zamiya. Kuma mutum ɗaya ne ya san ainihin wurin.

Shi ya sa na ciro allon zamiyar Tomoki daga bayan ƙofa, ni da na ba hamsin baya, ban san komai ba sai tantance tuffa a sito. Hunturu guda na yi ina shan ƙasa a filin 'yan koyo, 'yan makaranta suna wuce ni suna ƙunshe dariya. Cinyoyina suka yi baƙi kamar tuffar da ta faɗo daga mota. Da na iya juyawa hagu da dama, sai na wanke ƙafa na tafi gidansa.

Na same shi a rumfa yana goge katakan zamiyarsa, don shi da katako biyu da sanda biyu yake zamiya, masu allo ba ya ganinsu da gashi. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi allon.

"Chizuru? Yau kuma wa ya mutu?"

"Ka fi ni sani, Yaya. Kai ni kwarin za ka yi."

Ya ja tsaki. "Tsohuwa da allo! Ke kin ɗauka bayan dutse filin wasan yara ne, inda mota ke daddale miki ƙanƙara, kina faɗuwa a kawo miki shayi? Koma sitonki."

"In ba ka kai ni ba zan tafi ni kaɗai. Sai ka sauko da gawa ta biyu, ai hannunka ya saba."

Na ga jijiyar wuyansa ta motsa, na ji sanyi a raina. Sai ya jefo mini shebur.

Bayan tashar motar ƙauyenmu akwai tudun da motar share hanya ke tara ƙanƙara, ta daskare ta yi tauri kamar siminti. A nan yake binne jaka da 'yar na'urar da masu hawa dutse ke ɗaurawa a ƙirji, wadda ke kuka a na'urar ɗan'uwanka in an binne ka. Aikina in bi kukan, in caka doguwar sanda har in ji jakar, in tono. Shi kuma ya tsaya a kaina yana cin curin shinkafarsa. Ina cikin haƙa, gumi na zuba cikin wannan sanyi, sai in ji muryarsa.

"Bari haka nan. Kin makara, ya mutu."

Kashegari ma haka. "Ya mutu. Sake." Ko kunya bai ji ba, ni yake gaya wa wannan kalma! Ranar da abin ya ishe ni na wurga masa shebur, ya wuce ta gefen kunnensa. Ɗan banzan ko gezau.

"Kina tsammani don ke nake wannan wahala?" in ji shi. "In ke ce a ƙasa ni na san yadda zan yi. Amma a can mu biyu ne rak. In ni ƙanƙara ta rufe, babu wani mahaluki sai ke. Za ki tono ni?"

Na tsaya ina haki. "Sai na yi tunani."

"To, aƙalla ba ki yi ƙarya ba. Ɗauko shebur ɗinki."

Ranar da na fito da jakar bai ce ya mutu ba, bai kuma ce sannu ba. Cewa ya yi in iska ta kwanta za mu hau.

Hawan nan ya ci mini mutunci. Shi yana sulalewa gaba a kan katakansa, ni ina baya da faffaɗan takalman taka dusar ƙanƙara, allo goye a bayana, iska na kama shi tana neman kifar da ni. Duk taku sai na nutse har gwiwa. In ya waiwayo sai ya ce, "Da wannan tafiyar sai tuffa ta yi fure ba mu kai ba." Na ce ya ji da furfurarsa. Itatuwa duk sun lulluɓe da ƙanƙara sun zama dodanni, ban ko kalle su ba, ƙeyarsa nake kallo ina tsine mata.

A kan tudu ya tsaya ya haƙa rami, ya yi ta bubbuga ƙanƙarar da tafin hannu kamar mai zaɓen kankana yana gwada ƙarfinta, sannan ya nuna ƙasa. Kwari ne fari fat, ya faɗaɗa daga sama, ya tsuke a tsakiya, ya sake buɗewa wajen wasu itatuwa.

"Inda ya tsuke ɗin nan," in ji shi. "Nan ne."

Na zaro turaren tsinke daga aljihu. Ya fizge ya cusa a nasa.

"Kya kunna a gida gaban hotonsa. Saurara da kyau. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Ni zan fara, ki zuba mini ido har in kai itatuwan can in ɗaga sanda. Ki jingina nauyinki a ƙafar baya. Kuma ba a tsayawa a ciki."

"Ni zan tsaya. Abin da ya kawo ni ke nan."

"Abin da ke rataye a saman nan bai san ke uwar wani ba ce. In kika tsaya ya sauko, ni zan shigo nemanki, sauran ya sauko a kaina. In abin da kike so ke nan, faɗi tun yanzu."

Ya tafi. Na bi shi da ido har ƙasa, ya ɗaga sanda. Na ɗaure ƙafafuna a allon Tomoki, na ƙudura a raina sai na tsaya, kome zai faru ya faru.

Na tura. Kai! Ban san haka abin yake ba. A filin 'yan koyo allo ƙara yake yi yana girgiza maka haƙora, nan kuwa shiru. Allon ya ɗago da kansa, dusa ta taso har ƙuguna, ta watso mini a fuska, ba nauyi a jikina ko kaɗan. Na karkata hagu ya bi ni, na karkata dama ya bi ni. Gwiwar da ke damuna na manta da ita. Wani abu ya taso daga cikina ya fita ta baki, ban san lokacin ba. Kafin in farga sai ga itatuwa a gabana, na kife a gindin ƙafar Shigeo.

Na miƙe zaune ina tofar da ƙanƙara, na waiwaya. Layina ne kaɗai da nasa, sun ratsa ta matsatsin nan sun wuce. Ban tsaya ba. Ko tunawa ban yi ba.

"Na ji ihunki," in ji Shigeo.

"Ban yi ihu ba."

"Kin yi. Har da dariya." Ya cire gilashin idonsa, sai na ga idanun sun yi jajir. "Kullum kina so ki tambaye ni ko Tomoki ya ji tsoro, girman kai ya hana ki. Daidai matsatsin nan shi ma ya yi nasa ihun, irin naki sak. Shi ne abu na ƙarshe da na ji daga bakinsa."

Na kwance allon, na tashi, na kwaɗa masa mari da safar hannuna. Bai kauce ba. Na ƙara masa, na ƙara, har hannuna ya mutu, sai na riƙe gaban rigarsa. Muka tsaya haka a cikin itatuwan, ina kuka ina zaginsa, shi kuma yana riƙe da gwiwar hannuna kada in faɗi.