Shirun da Habi Ta Bari

"Kashe shi, Likita," in ji Baba Yusha'u. "Wagga ba Habi ta ba."

Levi ya tsaya riƙe da waya, baki buɗe. Kwana tara ya yi yana jiran wannan rana, ga shi ko minti ɗaya ba a cika ba an ce ya kashe.

Levi ma'aikacin asibiti ne a Goronyo, mutumin Zuru. Shekara goma sha bakwai katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsohon masuncin. Shi ke haɗa lasifika a cocinsu, kuma in ka kuskura ka taɓo masa zancen sauti, to ka nemi wurin zama. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba Yusha'u, har likitocin Sakkwato suka ce a mai da shi gida, abu ɗaya tsohon ya roƙa. Ya sa 'yarsa Fatsuma ta ciro wani kaset daga ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma.

Shekarar da ake ginin madatsar ruwan Goronyo, tsohon ya tafi kamun kifi Yawuri, ya yi wata biyar. Daga shi har matarsa Habi babu mai rubutu, don haka ta ari rakoda ta yi masa wasiƙa da baki, ta ba direba. Kafin ya dawo zazzaɓi ya ɗauke ta, ta bar Fatsuma tana koyon magana. Rakodarsa kuwa ta mutu tuni. Ya fi shekara ashirin bai ji muryar ba, kuma so yake ya ji ta kafin ya tafi.

Levi yana da 'yar na'urar juye kaset zuwa waya, ta kasuwa, kuɗinta bai kai na buhun albasa ba. Tun ranar farko ya juye, ya saurara, ya ji shuuu kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano. Ya ce ina, ba zai kai wa mai jinya wannan ba. Ya ɗauki kaset ya hau mota sai Sakkwato, wurin abokinsa Alfred mai ɗakin naɗar waƙa, wanda na'urarsa ta ci kuɗin injin ban-ruwa biyu.

"Waccan taka ai abin wasan yara ce," in ji Alfred. "Bar min shi. Sai dai akwai layi."

Kullum da safe Fatsuma sai ta leƙo ta kan katanga. "Likita, Baba na ta tambaya. Numhwashi nai hwa raguwa shikai."

"A ƙara haƙuri, Fatsuma. Abu mai kyau za a kawo masa."

A rana ta tara Alfred ya turo juyin ta waya, kuma gaskiya aikin ya yi kyau. Muryar ta fito tas, ka ce matar tana zaune a bakin gado. Shi ya sa maganar tsohon ta daki Levi.

"Baba, ita ce mana. A sake ji."

Ya sake kunnawa. Muryar wata matashiya ta cika ɗakin: "Salamu alaikum Malam ina kwana ina gajiya ƙaƙa aiki ƙaƙa mutanen Yawuri..."

Tsohon ya buɗe baki zai amsa sallama, kafin ya tattaro numfashi ta kai ga mutanen Yawuri. Ya juya fuska wajen bango.

"Murya dai tata ta," ya ce. "Amma ba ta jira na. Habi in ta gaishe ni, tsayawa takai in amsa. Mi anka yi mata?"

Levi ya fita tsakar gida, ya tsaya kusa da tsohuwar komar kamun kifin da ke rataye, ya kira Alfred.

"Oho, wuraren shirun?" in ji Alfred. "Na yanke su. Minti goma sha ɗaya na ƙara zalla, babu magana. Ai taimakonka na yi."

"Sake juye min, kada ka taɓa komai."

Sai Alfred ya ce, "Levi, zaren kaset ɗin ya tsufa. A juyi na biyu ya narke a cikin inji. Da na ce in kun ji daɗin wannan sai in gaya maka."

Kunya ta kama Levi irin wadda bai taɓa ji ba: kwana tara na mutumin da kwanakinsa suka ƙare ya ɓatar, ya kuma kashe masa kaset, duk don kada a ce aikinsa yana ƙara. Saura juyin farko, na 'yar na'urar kasuwa, in bai goge ba. Ya shiga laluben waya, waƙoƙin coci suna ta wucewa. Can ƙasa ya gan shi, ko suna bai sa masa ba.

Ya koma ɗaki ya durƙusa, ya ajiye wayar a kan matashi.

Shuuu. Wata kaza ta yi kuka. Can nesa ana daka.

"Salamu alaikum, Malam."

Sai ta tsaya. Ƙarar zaren kawai ke tafiya.

"Wa alaikumus salam, Habi," in ji Baba Yusha'u.

"Ina kwana?"

"Lahiya lau."

"Ƙaƙa aiki?"

"Aiki da godiya."

Fatsuma, da ke tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu, ta zame ta zauna a ƙasa. Habi ta ba shi labarin manyan motocin da ke ta zuba ƙasa a bakin gulbin Rima, da akuyar da ta haifi biyu. Ta ce ga Hwatsuma nan ta ƙi gaisuwa, sai cin igiyar rakoda take. Duk inda ta tsaya, tsohon ya cike mata, har da dariya, wadda tari ya katse.

"To, Malam, yaushe kaka dawowa?"

Nan ta fi daɗewa tana jira.

"Na kusa," in ji shi.

Ya ƙara kwana biyu. An kunna masa sau shida, bai bar gaisuwa ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Ranar Laraba bayan azahar ya cika, Fatsuma na riƙe da hannunsa. Levi ya bi jama'a har maƙabarta, ya tsaya daga gefe a ƙarƙashin wata bagaruwa har aka gama. Da yamma ya tura wa Fatsuma juyin a wayarta, mai ƙarar. Na Alfred kuwa ta ce ya bar shi wurinsa.

Bayan sadakar uku gidan ya yi tsit. Da hantsi Levi yana goge babur zai tafi aiki, sai ya jiyo shuuu daga bayan katanga, da kukan kazar nan.

"Salamu alaikum, Malam."

Babu wanda ya amsa. Levi ya daina goge babur.

"Ina kwana?" in ji Habi, ta tsaya tana jira.

"Lahiya lau, Inna," in ji Fatsuma.